Baba na shan magani iri goma, mantuwa kuma sai ƙaruwa take: wanne za a rage, kuma ta yaya?

Tambaya, daga wata baiwar Allah a unguwar Birni, Damagaram: "Mahaifinmu yana da shekara 79, wajen shekara 3 ke nan yana fama da abin da likita ya kira cutar mantuwa. Yana shan amlodifin 10 da Lasilix 40 da safe, Daonil 5 sau biyu, metformin 850 sau biyu, omefrazol, Nootropyl, siron buɗe ciki, sai Valium 5 da ɗigo 10 na Haldol da dare. Muna kuma sayo masa diklofenak a kasuwa saboda ciwon gwiwa. Yanzu wuni yake yi yana gyangyaɗi, ya rame, ya faɗi sau biyu a hanyar makewayi. Ko za mu iya tsayar da wasu?"

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri bisa hidimar da kuke yi masa. Ana iya ragewa, kuma a ganina ya kamata a rage. Sai dai a cikin goman nan akwai waɗanda za a ajiye yau ba abin da zai faru, akwai waɗanda idan aka yanke su dare ɗaya za su iya kai shi asibiti a sume, akwai kuma wanda sai an yi gwajin jini kafin a taɓa shi. Saboda haka aikin na ku ne da likitan da ke ganinsa, ku kawo abin da kuke gani a gida, shi ya yanke.

Abin da ya sa na ce a rage: jikin ɗan shekara 79 ba ya fitar da magani kamar na ɗan 40. Ƙoda ta rage tacewa, hanta ta rage sarrafawa, ruwan jiki ya ragu. Valium da matashi zai fitar da rabinsa cikin kamar kwana guda, a jikin tsoho yana iya ɗaukar kwana 3 ko fiye, don haka na daren jiya bai fita ba ake ƙara na yau, ya yi ta taruwa. Ƙwaƙwalwar da cutar mantuwa ta riga ta taɓa kuma ba ta da sauran ƙarfin jure wannan. Sau da yawa abin da 'yan gida ke cewa gigin tsufa ne ya ƙaru, magani ne ya yi yawa. Tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba, ana ta sabunta shi har zuwa 2023. Valium, Daonil, Haldol ga mai cutar mantuwa, diklofenak na kullum, omefrazol da ya wuce sati 8 ba dalili, da sinadarin da ke cikin yawancin siron buɗe ciki, duk suna ciki. Shida ke nan cikin goma na Baba.

Ku duba yadda jerin ya yi tsawo, domin da wuya a ce likita ɗaya ne ya zauna ya rubuta goman nan a rana guda. Amlodifin, maganin hawan jini, a kan miligram 10 ya shahara da kumbura ƙafa, kumburin da ba na ciwon zuciya ba. Diklofenak yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya ƙara kumburin, ya kuma ɗaga hawan jini. Aka ga ƙafa ta kumbura, aka ba da Lasilix. Lasilix ya sa yawan fitsari da ƙishirwa, tsoho ya riƙa tashi cikin dare. Aka ce ba ya barci, aka ba da Valium. Valium ya ruɗa shi, ya fara rigima da dare, aka ƙara Haldol. Ta ɗaya gefen, metformin, maganin suga, yana kashe cin abinci, ya sa tashin zuciya da sakin ciki, sai aka kawo siron buɗe ciki. Diklofenak ya ƙona ciki, aka kawo omefrazol. Ban ce lalle haka aka yi da Baba ba, amma wannan sarƙa ce da ake gani ƙwarai, kowane magani ana ba da shi don gyara ɓarnar na gabansa. Idan aka gano bakin zaren, sau da yawa cire ɗaya na sa biyu su zama ba a bukatarsu.

Matakin farko ba ya cin ko dala. Ku tattara duk abin da yake sha a leda guda: na asibiti, na farmasi, na masu tebur a kasuwa, wanda ɗan'uwa ya aiko daga Kano ko Yamai, maganin tari, na mura, na shafawa, jiƙe-jiƙe da tsimi, har kanwa idan yana sha. Ku kai ledar kanta wurin likita, ba sunaye a baki ba. Dalili shi ne maganin da ya shigo ta Najeriya da wanda aka saya a nan suna iya zama abu ɗaya da suna biyu. Lasix da Lasilix abu ɗaya ne, Panadol da Doliprane abu ɗaya ne, kuma ƙwayoyin ciwon jiki masu haɗi da ake sayarwa a tebur yawancinsu akwai ibufurofen ko diklofenak a ciki. A kan takarda ku rubuta wa kowane magani abu huɗu: wa ya rubuta shi, yaushe, don me, kuma yaya ake sha a zahiri, ba yadda takardar likita ta ce ba. Duk wanda kuka kasa faɗin dalilinsa, shi ne na farkon tambaya.

Ku nemi a auna nauyinsa, a yi gwajin ƙoda da na gishirin jini, da suga, da yawan jini. Maganar ƙoda tana da tarko. Takarda na iya nuna kireyatinin, dattin tsoka da ƙoda ke tacewa daga jini, 12 mg/L, a ce lafiya lau. Amma tsoho ramamme ba shi da tsoka, don haka lambar tana ɓoye gaskiya. Idan aka sa shekara 79, nauyi kilo 50, da kireyatinin 12 a lissafin da likitoci ke yi, tacewar ƙodar tana fitowa wajen mililita 35 a minti, ƙasa da rabin na mai lafiya. A kan wannan lamba metformin bai kamata ya wuce miligram 1000 a wuni ba, alhali Baba yana shan 1700. In ta sauka ƙasa da 30, ana tsayar da shi ne gaba ɗaya.

Wanda ya fi tayar mini da hankali a jerin shi ne Daonil, kuma shi nake so likita ya duba cikin satin nan. Aikinsa tilasta wa jiki ya fitar da insulin, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Tsohon da ya rame, yana tsallake abinci, ƙodarsa ta yi rauni, wannan magani yana iya saukar masa da suga ƙasa ya daɗe a can. Mai cutar mantuwa kuwa ba zai ce muku yana jin yunwa ko jikinsa na rawa ba. Abin da za ku gani shi ne zufa mai sanyi, gyangyaɗi, faɗa ba dalili, ko faɗuwa da asuba. Idan kuna da na'urar gwajin suga, ku auna da safe kafin ya karya, da kuma duk lokacin da ya rikice. Ƙasa da 0,70 g/L faɗuwar suga ce: a narkar da sukari cokalin shayi 3 a ruwa a ba shi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai, a wuce asibiti. Ko ya farfaɗo a gida, in Daonil ne sanadi, a kai shi, domin sugan na iya sake faɗuwa cikin wunin ko washegari. Ga mai shekarunsa da irin ciwonsa ba a neman suga irin na matashi. Gwajin suga na wata 3 da ya tsaya wajen kashi 8 cikin 100 ya wadatar. Matse suga ana yinsa ne don kare ido da ƙoda nan da shekara 10 ko 15, ita kuwa faɗuwar suga a daren yau take yin ɓarna.

Akwai uku da ba su bukatar a bi su a hankali. Diklofenak a ajiye shi. Haɗuwarsa da Lasilix a jikin tsoho, balle a bazarar Damagaram da zafi ke wuce digiri 40, hanya ce ta kashe ƙoda, ga kuma zubar jini a ciki da ba a gani sai an ga baƙin bayan gida kamar kwalta. Amma kada a bar gwiwar haka, domin ciwon da ba a kula ba shi kansa yana sa mai mantuwa rigima. A ba shi farasitamol a kan lokaci, miligram 500 zuwa 1000 sau uku a wuni, kada ya wuce gram 3, in kuma nauyinsa bai kai kilo 50 ba a tsaya a 500 kowane sha. A kan lokaci na ce, ba sai ya yi kuka ba, tunda ba lalle ya iya faɗi ba. Gashi da ruwan ɗumi, sanda, da ɗan tattaki a tsakar gida suna taimakawa. Kada a maye gurbinsa da tramol, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago: yana ruɗa tsoho, ya ɗaure ciki, yana iya kawo jijjiga.

Siron buɗe ciki, ku duba jikin kwalbar. Idan kun ga an rubuta cyproheptadine, to dangin maganin ƙaiƙayi ne irin na da, masu sa barci. Wannan dangi yana toshe wani sinadari a ƙwaƙwalwa, asetilkolin, wanda shi ne ainihin abin da ke ƙaranci a cutar Alzheimer. Bayan ruɗewa yana busar da baki, ya ɗaure ciki, ya riƙe fitsari, musamman ga namiji mai kumburin furostat. 'Yan'uwansa suna da yawa kuma ana sayensu ba takarda: Piriton, Polaramine, Phénergan, Atarax, da galibin magungunan mura da na tari. Laroxyl, Artane da Ditropan ma hanyarsu ɗaya, sai dai su ukun nan ba a yanke su kai tsaye. Shi kuwa Nootropyl ba a samu tabbatacciyar hujjar cewa yana gyara cutar mantuwa ba. Kuɗinsa ya fi amfani a ƙwai, nono da ƙuli-ƙuli.

Sai na hawan jini. Kafin ku ga likita ku yi wannan awo kwana 3 a jere: ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe tsaye wani na riƙe da shi, a auna bayan minti 1 da kuma bayan minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 2 ko fiye, misali daga 14 zuwa 12 (wato daga 140 zuwa 120 a na'urar da ke nuna lamba uku), ko ta ƙasa ta sauka da 1, to jininsa na faɗuwa in ya tashi, kuma ga dalili guda na faɗuwar makewayi. Ga tsoho mai rauni, lambar sama tsakanin 13 da 15 ta isa, ba a neman 11. Tambayar da za ku yi wa likita a kan Lasilix ita ce: don zuciya aka ba shi ko don kumburin ƙafa kawai? Idan akwai gazawar zuciya, yana bukatarsa. Hoton zuciya ne ke raba gardama, ana iya neman a tura ku Babban Asibitin Ƙasa na Zinder domin shi. Idan kumburin na amlodifin ne, abin da ake yi shi ne a sauko da amlodifin zuwa 5, a rage Lasilix zuwa 20 na sati 1 ko 2, sannan a tsayar. A wannan lokaci ku riƙa auna nauyinsa da safe. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, ko sarƙewar numfashi in ya kwanta, alama ce ta a koma wurin likita ba jira.

Valium da Haldol su ne masu wuyar sha'ani, kuma a nan ne gidaje ke yin kuskure iri biyu: ko su yanke dare ɗaya, ko su rage biyun tare, rigima ta tashi a rasa wanne ya jawo. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Wanda za a fara da shi ya danganta da abin da ake gani. Idan jikinsa ya sandare, tafiyarsa ta koma jan ƙafa da gajerun taku, hannu na rawa, yawu na zuba, ko yana ƙwarewa in yana shan kunu, Haldol ne ke aiki, da shi za a fara. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sababbin magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa, a 2008 ta haɗa da irin na da, dangin Haldol da Largactil. Wurinsu shi ne lokacin da mutum ke neman cutar da kansa ko wani, ko yake ganin abubuwan da ke firgita shi, kuma na ɗan lokaci. Wanda ya yi wata 3 a natse ya cancanci a gwada ragewa. Ɗigo 10 na Haldol miligram 1 ne, kuma ɗigo yana da daɗin ragewa: daga 10 zuwa 7, bayan sati 2 a koma 5, sannan 3, sannan a tsayar. In Baba yana da tarihin taɓin hankali tun yana matashi, wannan magana ta daban ce, sai likitan ƙwaƙwalwa.

Valium ya fi bukatar haƙuri. Wanda ya yi watanni yana sha, jikinsa ya saba, yanke shi farat ɗaya yana iya kawo rawar jiki, firgita, ruɗewa mai tsanani, har jijjiga irin ta farfaɗiya. Ana cire kashi ɗaya cikin huɗu duk sati 2: kashi uku na ƙwayar, sannan rabi, sannan kwata, sannan kwata dare ɗaya a tsallake ɗaya. Wata 2 ke nan aƙalla, kuma matakin ƙarshe ya fi wuya, ana iya tsawaita shi. Ku sa ran barcinsa zai ɗan lalace 'yan kwanaki bayan kowane mataki. Saboda maganin yana jinkirin fita, wannan na iya bayyana bayan kwana 4 ko 5, ba daren farko ba. In abin ya yi tsanani a koma matakin baya a zauna sati 2 ko 4, sannan a sake gwadawa da ƙaramin rabo. Rabe-raben ƙwayar ku yi su da reza mai tsabta, ko mai farmasi ya yanka muku.

Rage maganin barci ba zai ɗore ba sai an gyara abin da ke hana barcin. Ku fitar da shi ya sha hantsi da safe. Barcin rana kada ya wuce na bayan azahar, kamar minti 30. Shayi da goro su tsaya daga la'asar. A bar fitila a kunne, a ajiye masa abin fitsari kusa da shimfiɗa don kada ya tsallaka tsakar gida cikin duhu. Idan ya fara rigima da magariba, kafin a ɗauko kwalba a duba abu biyar: ciwo, yunwa ko ƙishirwa, kwana nawa rabonsa da bayan gida, ko mararsa ta cika ya kasa fitsari, da zazzaɓi. Karatun Alƙur'ani da ya saba ji, ko zama da wanda ya sani ba a yi masa gardama, sau da yawa ya fi ɗigo aiki. Rubutun sha da addu'a ba su karo da komai a nan. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba shi ne abin tsoro ga ƙoda, kanwa kuma gishiri ce mai ɗaga hawan jini.

Omefrazol shi ne na ƙarshe. A bar shi sati 4 bayan an daina diklofenak, sannan a koma sha wuni ɗaya a tsallake ɗaya na sati 2, a tsayar. Ƙwannafi na iya dawowa na ɗan lokaci ya wuce. Idan Baba ya taɓa aman jini ko gyambon ciki mai zubar jini, ya ci gaba da sha. Tunda ya daɗe a kan omefrazol da metformin, biyun suna rage bitamin B12, ƙarancinsa kuma yana ƙara mantuwa da rashin daidaiton tafiya. In da hali a gwada.

Ga masu karatu da tsohonsu ke shan wani abu daban: maganin farfaɗiya irin Gardénal da Tégrétol, maganin cutar Parkinson, na maƙoƙo, insulin, maganin tsinka jini, na tarin fuka, atenolol da Catapressan, da deksametazon ko firednizolon da aka sha fiye da sati 3, ba a tsayar da su a gida. Asfirin ga wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya yana da amfani, amma ga tsohon da bai taɓa ko ɗaya ba zubar jinin da yake jawowa ya fi amfaninsa. Maganin mantuwar kansa, irin Aricept, amfaninsa kaɗan ne, har Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga asusun lafiya a 2018, kodayake wasu suna lalacewa in an cire shi. Idan yana sa gudawa, rama, suma ko bugun zuciya ƙasa da 50 a minti, a kai maganar ga likita.

A gida, mutum ɗaya ya riƙe magani, a akwati mai makulli. Mai mantuwa yana iya sha sau biyu, haka ma idan uwargida ta ba shi, jika ya zo ya sake ba shi. Ku sanar da 'yan'uwan da ke nesa abin da ake ciki, domin mai aiko da magani ƙauna ce ta sa shi, kuma in bai san dalili ba zai ɗauka rowa ake yi wa tsoho. Kada a daka ƙwaya a zuba cikin kwanon fura, in bai shanye ba ba a san nawa ya shiga ba. Cokali ɗaya ya isa. Wadda aka rubuta LP a jikin kwalinta ba a daka ta sam, domin abin da aka tsara ya fita cikin wuni zai fita lokaci guda. Ranar da yake gudawa, amai, ko zazzaɓin cizon sauro ya hana shi ci da sha, a dakatar da metformin, Daonil da Lasilix na wannan ranar, a nemi majo, wato babban ma'aikacin jinya, ko likita a ranar. In an sa masa kinin a faɗa musu yana da ciwon suga, domin kinin ma yana saukar da suga. Batun azumi kuwa, ku tambayi malami tare da likita kafin watan ya kama, kada a bar shi ya ɗauka da Daonil a cikinsa.

Cutar mantuwar ba za ta tafi don an rage magani ba. Abin da ake fata shi ne ya fi zama a farke, ya fi cin abinci, faɗuwa ta ragu. Ku ajiye ɗan littafi, kowace rana layi ɗaya: abin da aka canja, barci, cin abinci, bayan gida, faɗuwa, rigima. Da shi likita zai san ko a ci gaba ko a dakata, a ganawar da ya kamata a yi duk sati 2 zuwa 4 har a gama. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, jijjiga, baƙin bayan gida, kasa fitsari wuni guda, karkacewar baki, ko faɗuwar da ya bugi kai, waɗannan ba sa jiran ranar ganawa, asibiti za a wuce da shi tare da ledar magungunan da littafin.